Layi miliyan 733 a laftof ɗaya: ta ina za a fara zana bayanan yanayi?

Ɗalibar Akoka:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kan aikin digiri na biyu. Bayanan ERA5 ne na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wato ECMWF, na kowace sa'a daga 1985 zuwa 2024. Najeriya kaɗai aka yanko: latitud 4 zuwa 14, longitud 2.5 zuwa 15. Ma'aunai goma ne, akwai zafi, matakin raɓa, matsin iska, ruwan sama, iskar gabas da yamma, iskar kudu da arewa, gajimare da sauransu. Abin da ake so a gani shi ne wane irin haɗin yanayi ne ke zuwa kafin ruwa mai ƙarfi a Legas, irin wanda ke kawo ambaliya. Laftof ɗin RAM 16 GB gare ta. Da an loda bayanan a pandas, manhajar sarrafa teburin bayanai, sai ta sandare, in kuma an yanko wani ɓangare an zana, baƙin tabo ne kawai ke cika allo. Ta ina ake kamo bakin zaren?

Injiniya Agege:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a taɓa kowace manhaja, a fara da lissafi a takarda. ERA5 ya raba taswira gida-gida, tazarar gidajen rubu'in digiri ce, saboda haka yankinki gida 41 ne a tsaye, 51 a kwance, jimla 2,091. Shekara 40 sa'a 350,640 ce. In kika ninka, layi miliyan 733 da ɗoriya ke nan. Kowace lamba in an ajiye ta a bait 4, ma'auni ɗaya ya kai kusan 2.9 GB, goma kuma 29 GB. Da zarar lambobin sun koma masu bait 8, abin ya ninka zuwa kusan 59 GB, ba a ma sa ginshiƙin lokaci da na latitud da longitud ba. To ina 16 GB za ta kai wannan?

Sai lissafi na biyu, wanda ya fi muhimmanci. Allo mai 1920 da 1080 ɗigo 2,073,600 gare shi. Ko da kwamfutar za ta iya ɗauka, kowane ɗigon allo layi sama da 350 ne za su hau kansa, na ƙarshe ya rufe na baya. Baƙin tabon da kike gani ke nan. Dole a taƙaita bayanan su dawo daidai girman allo, kuma ke za ki zaɓi yadda za a taƙaita, kada ki bar wa manhaja ta zaɓa miki a ɓoye.

Ki bar pandas a wannan matakin. Ki buɗe fayilolin da manhajar xarray tare da Dask, mai karanta bayanai kaɗan-kaɗan, ki mayar da su tsarin ajiya na Zarr, sannan ki fitar da taƙaitawar kullum: jimlar ruwan yini, ruwan sa'ar da ta fi ƙarfi a yinin, zafi mafi girma da mafi ƙanƙanta, matsakaicin sauran. Kwana 14,610 sau gida 2,091 sau bait 4, kusan 122 MB ke nan ga kowane ma'auni. Wannan zai zauna a RAM lafiya lau, kuma mafi yawan zanen da kike buƙata daga nan zai fito.

Ɗan Mile 12:
Injiniya, ni a ganina an tsawaita hanya. Ta ɗebi samfur na kashi 1 cikin 100 ba tare da zaɓe ba, layi miliyan 7 da 'yan kai. Siffar bayanan za ta fito, dangantakar ma'aunai za ta fito, cikin minti kaɗan an gama. Masu ƙididdiga da samfur suke aiki tun fil azal.

Dakta Idi-Araba:
Ɗan'uwa, maganarka daidai ce ga tambayar da ba ita aka yi ba. Mai sayen wake a kasuwarku yana tsira buhu ya duba abin da ya zubo a tafin hannu, ya san irin waken da lafiyarsa, amma tsakuwa ɗaya da ke ƙasan buhun ba za ta fito a hannunsa ba. Wannan ɗalibar tsakuwar take nema. Sa'o'in ruwa mai kawo ambaliya ƙalilan ne cikin sa'a dubu 350, samfurin kashi 1 zai zubar da 99 cikin kowane 100 nasu. Kuma ya tsinka jerin lokaci, alhali tambayarta ita ce me ya faru sa'a 6 ko 12 ko 24 kafin ruwan.

In dole sai samfur, a yi shi hawa biyu. A riƙe duk sa'ar da ruwanta ya haura wani mataki, tare da sa'o'i 24 da suka gabace ta, sannan a ɗebi kashi 1 daga sauran. Amma a ba kowane layi nauyinsa, na rukunin biyu ya tsaya a madadin 100, in ba haka ba zanen zai nuna kamar rabin shekara Legas a cikin ruwa take.

Ɗan Mile 12:
Na yarda da batun nauyi, Dakta. Amma har yanzu ina ganin samfur na da wurinsa, musamman wajen gwada kod kafin a sake shi a kan 29 GB.

Dakta Idi-Araba:
Wajen gwaji kam babu jayayya. Shekara ɗaya ma ta isa.

Injiniya Agege:
Bari in koma kan Zarr, don a nan mutane da yawa ke ɓata mako guda ba su san dalili ba. Zarr gunduwa-gunduwa yake ajiye bayanai, kuma ko lamba ɗaya kike so daga cikin gunduwa, sai an karanto ta gaba ɗaya an warware matsinta. Saboda haka siffar gunduwar ita ke yanke saurin aiki.

In kika yi gunduwa ta shekara ɗaya da ta ƙunshi duk ƙasar, 8,760 sau 2,091 sau 4, kusan 73 MB ce. Tana da kyau wajen zana taswira. Amma ki nemi tarihin gida ɗaya na Legas na shekara 40, sai an karanta duk 2.9 GB ɗin kafin a ba ki 1.4 MB. In kuma kika yi gunduwa mai gida 5 sau 5 da ta ɗauki dukan shekarun, kusan 35 MB, tarihin Legas zai fito daga gunduwa ɗaya ko biyu, amma taswirar sa'a ɗaya sai an buɗe gunduwa 99. Babu siffar da ke biyan buƙatun biyu. Tunda faifan ajiya ya fi lokacinki araha, ki ajiye kwafi biyu, ɗaya na taswira ɗaya na tarihi. Abin da za ki guje wa shi ne gunduwar sa'a ɗaya: 8 KB ce kacal, za ki tara fayil dubu 350 ga kowane ma'auni, lokacin buɗewa da rufewa ya fi na karatun.

Wani abu kuma da ya shafe mu a nan Legas: a rubuta aikin shekara-shekara, kowace shekara ta fita da sunan wucin gadi, sai ta kammala a sauya mata suna. In wuta ta ɗauke batir ya ƙare a shekara ta 23, daga nan za a ci gaba, kuma ba za a bar rabin fayil yana kama da cikakke ba. Haka wajen saukewa daga rumbun Copernicus, inda ake samun ERA5, a sa iyakar yanki tun a cikin buƙatar, jerin shi ne arewa, yamma, kudu, gabas, wato 14, 2.5, 4, 15. Kada a kashe data a sauke duniya gaba ɗaya, gida 1,440 sau 721, don a yanko Najeriya daga baya.

Hajiya Ikeja:
Sannunku da ƙoƙari. 'Yata, kafin ki zana komai ki bincika waɗannan, don zane mai kyau a kan lambobin da ba a fahimta ba ya fi rashin zanen illa.

Ruwan sama a ERA5 da mita aka rubuta shi, sai an ninka da 1,000 ya zama milimita. Zafi da matakin raɓa a ma'aunin Kelvin suke, a cire 273.15. Lokacin kuma na UTC ne, mu muna gaba da sa'a ɗaya, in kina duba ƙarfe nawa hadari ke tasowa wannan sa'ar tana da tasiri. Lambar ruwan da aka rubuta a ƙarfe 3 ruwan da ya taru ne daga ƙarfe 2 zuwa 3, saboda haka jimlar yini tana farawa daga ta ƙarfe 1 na dare ta ƙare a ta ƙarfe 12 na daren da ya biyo baya, wadda aka rubuta da kwanan watan gobe. In kuma wata rana kika koma ERA5-Land mai tazarar digiri 0.1, ki kula sosai: shi tara ruwan yake yi tun daga farkon yini, kowace sa'a ta haɗa da na baya. Wanda ya tara sa'o'i 24 ɗin zai sami ruwan da ba a taɓa yi ba.

Latitud a fayilolin daga arewa yake gangarowa kudu. In kika ce a yanko daga 4 zuwa 14, xarray ba zai yi ƙorafi ba, fanko zai miƙo miki. Ki fara da 14 ki ƙare da 4.

Sai alkiblar iska, wadda ita ce ta fi cin mutane. Kada ki taɓa ɗaukar matsakaicin digiri. Iska daga digiri 350 da iska daga digiri 10 duk daga arewa suke, amma matsakaicinsu 180 ne, wato kudu. A aikin da ya dogara kan bambanta iskar hunturu ta arewa maso gabas da iskar damina ta kudu maso yamma, wannan kuskuren ya rushe komai. Ki ɗauki matsakaicin ɓangaren gabas da yamma daban, na kudu da arewa daban, sannan ki fitar da alkibla daga su biyun. Ƙarfin iska kuwa a lissafa shi kowace sa'a kafin a ɗauki matsakaici, don iskar teku ta rana da ta tudu ta dare suna soke juna.

Ɗalibar Akoka:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. To shi layin ruwan sama na Legas na shekara 40 fa? In na mayar da shi na wata-wata yana fita tsaf, amma manyan ruwan duk sun ɓace.

Dakta Idi-Araba:
Dole su ɓace, matsakaici aikinsa ke nan. Zanen da faɗinsa ɗigo 1,500 ne, kowane ginshiƙin ɗigo zai ɗauki sa'a kusan 234, wajen kwana goma. Hanyar da ake kira M4, wadda aka wallafa a 2014, tana cewa a cikin kowane ginshiƙi a riƙe lamba huɗu: ta farko, ta ƙarshe, mafi girma, mafi ƙanƙanta. Lamba 6,000 ke nan maimakon 350,640, kuma layin da zai fito daidai yake da wanda za a samu da an zana duka. Akwai kuma LTTB ta Sveinn Steinarsson, daga Jami'ar Iceland a 2013, tana riƙe siffar layi da kyau ga ido, amma ba ta yi alkawarin riƙe kowace ƙololuwa ba. Ga ruwan ambaliya M4 nake ba da shawara. Sharaɗinta ɗaya: duk lokacin da aka zuƙo wani ɓangare, a sake lissafin daga asalin bayanan, kada a faɗaɗa waɗancan 6,000 ɗin.

Ki yi wa kanki gwaji da ranakun da kowa ya sani. Ambaliyar Legas ta 10 ga Yulin 2011, da ta farkon Yulin 2017 da ta mamaye Lekki da Victoria Island. Ki duba lambar waɗannan ranakun a asalin bayanan, ki duba a zanen. In sun bambanta, taƙaitawarki ce ta haɗiye su.

Hajiya Ikeja:
In ƙara a kan na Dakta. In ta duba asalin bayanan ta ga ruwan bai kai yadda aka gani a gari ba, kada ta zargi zanen. Gidan ERA5 ɗaya kusan kilomita 28 ne kowane gefe, lambar da ke ciki ta dukan filin ce, kuma lissafin kwamfuta ne ya fitar da ita, ba mazubin ruwa ba. Hadarin da ya juye a unguwa biyu zai bazu a lissafin gida guda. Ikeja da Obalende za su iya faɗawa gida ɗaya ko gidaje biyu maƙwabta. Saboda haka ranakun ruwa mai ƙarfi a zaɓo su daga tashar NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, da ke Ikeja, ko daga bayanan ruwan sama na tauraron ɗan adam irin CHIRPS mai tazarar digiri 0.05 da ke farawa daga 1981, ko IMERG mai digiri 0.1 kowace rabin sa'a. ERA5 a bar masa abin da ya fi ƙwarewa a kai: iska, laima da matsi na yanki mai faɗi.

Kuma don Allah kada a shafe taswirar ta yi sumul. In aka sa manhaja ta cike tsakanin gidaje, mai kallo zai ɗauka an san bambancin Surulere da Yaba. A bar gidajen su fito murabba'i-murabba'i da umarnin zane na pcolormesh, kowa ya ga iyakar abin da aka sani.

Malam Obalende:
Duk an yi maganar girma, ba a taɓo ainihin wahalar ba, wato ma'aunai goma a lokaci ɗaya. Ma'auni goma na ba da tagwaye 45. Ba wanda zai zauna ya karanta zane 45. Shawarata ta jefa su cikin UMAP, hanyar matse ma'aunai masu yawa, ta dawo da su fuska biyu, kwance da tsaye, ta shafa wa ranakun ruwa mai ƙarfi launi. In sun taru wuri ɗaya, an sami amsa.

Dakta Idi-Araba:
Malam, a nan zan saɓa maka, da girmamawa. UMAP ta 2018 da 'yar'uwarta t-SNE ta 2008 maƙwabtaka suke kiyayewa, wa ke kusa da wa. Nisan da ke tsakanin tsibiri da tsibiri a zanen, da girman kowane tsibiri, ba abin dogaro ba ne. A sauya adadin maƙwabta daga 15 zuwa 100, siffar ta sauya. Ga bayanan sa'a-sa'a kuma akwai matsala ta musamman: maƙwabcin kowace sa'a mafi kusa shi ne sa'ar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta, sai zanen ya cika da zare-zare masu kama da an gano wani abu, alhali agogo kawai aka zana. Sannan in mai jarrabawa ya tambaye ta me gefen dama na zanen ke nufi, ba ta da amsa.

PCA, mai haɗa ma'aunan da ke tafiya tare su zama 'yan fuskoki kaɗan, ta fi dacewa da farawa. Ba ta ma buƙatar RAM: teburin dangantaka 10 sau 10 ne, ana tara shi gunduwa bayan gunduwa a karatu ɗaya. Amma sai an yi abu biyu tukuna. A daidaita ma'aunan, a cire matsakaici a raba da gwargwadon bazuwarsu, don matsin iska yana wajen 101,000 a ma'aunin Pascal, ruwa kuma 0.001 na mita, in ba a daidaita ba matsin zai cinye komai. Sannan a cire zagayen shekara da zagayen yini. In ba a cire ba, fuska ta farko za ta gaya miki damina daban da rani, ta biyu ta ce rana daban da dare, abin da ba sai an kunna kwamfuta ba.

Malam Obalende:
Dakta, PCA miƙaƙƙiyar dangantaka kawai take gani. Ruwan sama kuwa ba haka yake ba, laima na iya ƙaruwa ba a sami ko ɗigo ba, sai ta haye wani mataki hadari ya haɗu. Wannan lanƙwasar PCA ba za ta nuna ta ba.

Dakta Idi-Araba:
Gaskiya ne, shi ya sa ba za a sa ruwan a cikin PCA ɗin ba. A yi ta da sauran tara, a raba filin fuska ta ɗaya da ta biyu gida-gida, misali 200 sau 200, a kowane gida a lissafa kashi nawa na ranakun da suka faɗa ciki ne aka yi ruwan da ya haura milimita 50. Lanƙwasar za ta fito a launi, kuma kowace fuska ana iya faɗin ma'aunan da suka gina ta. Gidan da ranakunsa ba su kai 20 ba a bar shi toka-toka, don rana 1 cikin 2 ma kashi 50 ce. In bayan wannan ana son UMAP don leƙe, a yi ta a kan bayanan kullum, a gudanar da ita sau uku da saiti daban-daban, abin da ya tsaya a duka ukun shi za a ɗauka da muhimmanci.

Malam Obalende:
Wannan tsarin na karɓa. Amma ina nan kan cewa a yi duka biyun a kwatanta.

Injiniya Agege:
Abin da Dakta ya kwatanta shi ne ainihin aikin manhajar Datashader: ta shimfiɗa gidaje daidai yawan ɗigon allo, ta bi bayanan sau ɗaya tana ƙirga abin da ya faɗa kowane gida, sannan ta mayar da ƙirgar launi. Tana aiki da Dask, ba sai komai ya shiga RAM ba. Kada ki yi ƙoƙarin magance baƙin tabon da sa ɗigogi su zama shara-shara. In kowane ɗigo duhunsa kashi 1 cikin 100 ne, guda 500 a wuri ɗaya sun riga sun kai kashi 99, daga nan 500 da 50,000 duk ɗaya ne a ido. Wajen mayar da ƙirga launi kuma, miƙaƙƙen ma'auni zai haska gidaje kaɗan masu cunkoso ya bar sauran a duhu. A yi amfani da logaridim, ko eq_hist da ke raba launuka gwargwadon matsayi, amma a rubuta a ƙarƙashin zanen cewa haka aka yi.

Gwaji mai kyau na farko: matakin raɓa a kwance, iskar kudu da arewa a tsaye, duk layi miliyan 733. Ya kamata ki ga taro biyu, busasshiyar iskar arewa da jiƙaƙƙiyar iskar kudu, da siririyar gada a tsakani. Masu bibiyar iyakar iskokin nan biyu a Afirka ta Yamma sukan yi amfani da matakin raɓa na digiri 15 a ma'aunin Celsius a matsayin alama, ki ja layi a wurin ki gani ko ya raba su.

A kula da abu ɗaya wajen aiki gunduwa-gunduwa. Jimla, ƙirga, mafi girma da mafi ƙanƙanta ana iya haɗa su daga gunduwoyi. Lambar tsakiya da matakin kashi 99 ba a haɗa su haka, matsakaicin na shekara 40 ba shi ne na dukan bayanan ba. A ƙirga su cikin ƙayyadaddun tazara iri ɗaya, misali rabin milimita, a tara ƙirgar, sannan a ciro matakin daga jimlar.

Hajiya Ikeja:
Zane ɗaya da nake so kowane ɗalibin yanayin ƙasar nan ya iya shi ne na Hovmöller, wanda ya fito tun 1949. A ɗauki matsakaicin ruwa a faɗin longitud, a sa latitud a tsaye, kwanakin shekara a kwance. Gida 41 sau 365, bai kai lamba 15,000 ba. A ciki za ki ga ɗamarar ruwa zaune a bakin teku a Mayu da Yuni, ta yi tsalle arewa wajen ƙarshen Yuni, ta kai ƙarfinta a su Kano cikin Agusta daidai lokacin da Legas ke samun ɗan sararin nan na Agusta, sannan ta gangaro ta ba mu damina ta biyu a Satumba da Oktoba. In wannan bai fito ba, akwai kuskure a sarrafa bayanan, a koma baya kafin a ci gaba.

Ga tambayarki kuma, ki tara duk ranakun ruwa mai ƙarfi, ki ɗauki matsakaicin yadda kowane ma'auni ya kauce wa al'adarsa kwana 2 kafin ruwan, kwana 1, da ranar. Ki jera ƙananan taswirori, ma'aunai a tsaye, kwanaki a kwance. Ido ya fi iya kwatanta ƙananan zane da ke gefen juna fiye da zane ɗaya da aka ɗora wa launi da kibiya da layi da girman ɗigo duk a haɗe. Cleveland da McGill sun nuna tun 1984 cewa mutum ya fi karanta matsayi a kan ma'auni daidai fiye da girman fili ko duhun launi, saboda haka abin da ya fi muhimmanci a ba shi matsayi, launi ya ɗauki na biye.

Ɗan Mile 12:
Ba za a gwada ParaView, manhajar zane mai fuska uku, ba? Sama hawa-hawa ce, ERA5 na da matakan matsi 37. In aka zana ta da tsawo da faɗi da zurfi, ana jujjuyawa, ai zai fi bayani.

Injiniya Agege:
Matakai 37 sau 2.9 GB, sama da 100 GB ga ma'auni ɗaya. ParaView na iya ɗauka in akwai saba, wato babbar kwamfuta, mai ƙarfi tana lissafi laftof na kallo kawai, don haka aka gina ta. Amma a duba siffar abin: yankin ya fi kilomita 1,100 daga kudu zuwa arewa, yanayin da ya dame mu kuwa bai wuce kilomita 15 zuwa 16 a tsaye ba. Sai an miƙar da tsayin sau gommai kafin a ga wani abu, kuma na gaba yana rufe na baya. Ta sauke matakai biyar kawai, 925, 850, 700, 600 da 200 a ma'aunin matsi na hPa, na ranakun da ta zaɓa. In tana son ganin tsaye, ta yanka a longitud 3.5 kusa da Legas, latitud a kwance, matsi a tsaye. Iskar gabas mai ƙarfi ta Afirka da ke kaɗawa wajen mataki 600 zuwa 700 za ta fito sarai a irin wannan yankan, kuma ana iya buga shi a takarda.

Malam Obalende:
Batun launi kada a manta. A bar jerin bakan gizo da ake kira jet. Haskensa ba ya tafiya a jere, rawaya da shuɗi mai haske suna ƙirƙiro iyakar da babu ita a bayanan, kuma mai matsalar bambance ja da kore ba zai karanta ba. Manhajar zane ta Matplotlib ta koma jerin launi na viridis tun fitowar 2.0 a 2017. Ga kaucewa daga al'ada a ɗauki launi mai ɓangare biyu da fari a tsakiya, a tabbata farin yana kan sifili daidai, iyakar sama da ta ƙasa su zama ɗaya. Ga alkiblar iska a ɗauki mai zagayowa irin twilight, don 359 da 1 su yi kama. Ruwan sama kuma a yi masa matakai: 1, 5, 10, 20, 50, 100, abin da bai kai milimita 1 ba a bar shi fari. Logaridim kai tsaye ba zai yi ba saboda sifili ya yi yawa.

Ɗalibar Akoka:
Allah ya saka da alheri, malamaina. Zan fara da Zarr kwafi biyu da taƙaitawar kullum, in gwada Hovmöller. Tambaya ta ƙarshe: gidajen bakin teku na Legas, rabi ruwa rabi tudu, in haɗa da su?

Hajiya Ikeja:
Ki sauke ma'aunin da ake kira lsm, fayil ɗaya ne ƙarami, yana ba kowane gida lamba daga 0 zuwa 1 gwargwadon yawan tudunsa. Ga zafi da matakin raɓa ki ɗauki gidajen da suka haura 0.5 kawai, don teku na danne bambancin rana da dare, zai sa Legas ta yi kamar ba ta zafi da rana. Ga iska da laima kuwa ki riƙe na tekun, ta can ruwan ke shigowa. Iyakarki ta kudu a latitud 4 ta ba ki wajen gida tara na teku a ƙasan Legas, sun isa a ga iskar tana tahowa.

Injiniya Agege:
In za ki ajiye lokaci a fayil ɗin Parquet ko ki aika shi zanen burauza, kada ki bar shi a lamba mai ɗigo, wato float, mai bait 4. Daƙiƙun da aka ƙirga daga 1970 sun haura biliyan 1.7, a wannan girman lambar float mai bait 4 tana tsallen daƙiƙa 128 ne, sa'o'inki za su goce daga kan ƙarfe, haɗa tebur da tebur ya riƙa zubar da layuka. Ki bar lokaci a cikakkiyar lamba mai bait 8, sauran ma'aunan su zauna a bait 4. In kin fitar da Hovmöller ɗin ki ɗora shi a nan tare da iyakokin launin da kika sa, mu duba.